Kwaikwayon Naɗuwar Feftaid ɗin Haɗewa na Bairos ɗin Mura a Cikin Tantani: Matsalar Mafarin Lissafi

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin ayyukan kwaikwayon kwamfuta da aka gudanar a kan feftaid ɗin haɗewa na bairos ɗin mura, wato guntun furotin da ke fara kutsawa cikin tantanin ƙwayar halittar da bairos ɗin zai kama. An kwatanta ayyukan ta fuskar siffar da aka fara lissafi da ita, da irin tantanin da aka gina, da tsawon lokacin da aka kwaikwaya. Nazarin ya nuna cewa kaso mai yawa na saɓanin da ke tsakanin sakamakon ya samo asali ne daga mafarin lissafin, kuma yawancin ayyukan sun gwada juriyar siffar da aka ba su ne, ba su kai ga ganin naɗuwa ba.

1.0 Gabatarwa

Bairos ɗin mura yana lulluɓe da tantani na maiƙo, wato lifid, haka ita ma ƙwayar halittar da yake nema. Kafin kayan gadonsa su isa cikinta, tilas ne tantanin biyu su haɗe su zama ɗaya. Furotin da ke wannan aiki shi ne hemagulutinin, HA a taƙaice. Ana ƙera shi a matsayin sarƙa guda mai suna HA0, sannan wani enzayim na jikin mai ɗauke da cutar ya yanka shi gida biyu, HA1 da HA2. Yankan ne ke samar da sabon bakin sarƙa a HA2, kuma amino asid 23 na farko daga wannan baki su ne feftaid ɗin haɗewa. Yana ɓoye cikin wani aljihu a jikin furotin har sai ƙwayar halitta ta haɗiye bairos ɗin cikin jakar endosom, inda tsami ke ƙaruwa, ma'aunin pH ya sauko tsakanin 5 da 6. A nan ne HA ke sake siffa, ya miƙa feftaid ɗin zuwa tantanin endosom.

A nau'in H3 jerin feftaid ɗin shi ne GLFGAIAGFIENGWEGMIDGWYG, wanda bakwai daga cikinsa gilaisin ne. Jerin bai cika canzawa ba tsakanin nau'o'in mura A, daga masu kama ɗan Adam har zuwa na tsuntsaye irin H5N1, wanda aka fara tabbatar da ɓullarsa a nahiyar Afirka a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Wannan tsayuwa tasa ce ta sa masu neman maganin da zai yi aiki a kan nau'o'i da yawa suke sa ido a kan yankin da yake.

Manufar maƙalar ita ce tantance abin da kwaikwayon kwamfuta ya tabbatar game da yadda wannan feftaid ke naɗuwa a cikin tantani, da raba shi da abin da aka shigar cikin lissafin tun farko.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Siffar feftaid daga gwajin ɗakin bincike

Wilson da Skehel da Wiley sun fitar da tsarin HA a 1981, sannan Bullough da abokan aikinsa suka fitar da siffarsa ta bayan tsami a 1994. Sai dai a wannan ta biyu an gutsure feftaid ɗin haɗewa kafin a daskarar da furotin, saboda gudun ruwansa kan sa furotin ya cure. Don haka aka koma nazarinsa shi kaɗai.

Han da Bushweller da Cafiso da Tamm (2001) sun yi amfani da na'urar NMR a kan guntu mai amino asid 20 na nau'in H3, a cikin dunƙulen sinadarin sabulu na DPC. Sun sami hannaye biyu da suka buɗe daga wata gwiwa da ke wajen mazauni na 11 zuwa na 13, hannun farko murɗe ne na alfa. A wannan maƙala za a kira wannan buɗaɗɗiyar siffa. Bayan shekara tara, Lorieau da Louis da Bax (2010) suka auna cikakken feftaid mai amino asid 23 na nau'in H1, suka sami murɗe biyu da suka ninke suka manne da juna gam, gilaisin na fuskantar gilaisin. Wannan ita ce rufaffiyar siffa. Sun nuna daga baya cewa tsawon guntun ne ke kawo bambancin fiye da nau'in bairos: idan aka cire amino asid uku na ƙarshe, wato Trp21 da Tyr22 da Gly23, ninkin ya kan saki. A 2012 kuma suka gano cewa a cikin tsami mai ƙarfi wani ƙaramin kaso na cikakken feftaid ɗin yana buɗewa ya sake rufewa, kuma wannan kai-komo yana ɗaukar gomman maikurosakan. Ghosh da abokan aikinsa a ɗakin binciken Weliky (2015), da suka auna a cikin tantanin lifid na gaske, sun ruwaito rufaffiyar siffa tare da wata mai rabin rufuwa.

2.2 Ra'in naɗuwa a cikin tantani

Tantani ba shimfiɗar mai ba ce mai yanayi ɗaya. Aikin Wiener da White (1992) ya nuna tsakiyarsa mai jelar lifid tana da kaurin kimanin nanomita 3, kuma a kowane ɓangare akwai gaɓa mai kaurin kimanin nanomita 1.5, inda kawunan lifid da ruwa suka cakuɗu. Wimley da White (1996) sun auna cewa shigar da mahaɗin feftaid ɗaya wanda bai ƙulla ɗaurin haidurojin ba cikin wannan gaɓa yana cin kimanin kilokalori 1.2 a kowane mol. Idan sarƙar ta murɗe, mahaɗan suka ƙulla ɗauri a junansu, kuɗin shigar ya kan ragu. Ladokhin da White (1999) sun ƙiyasta ragin da kimanin kilokalori 0.4 a kowane amino asid, ta amfani da melitin na dafin ƙudan zuma. Daga nan ra'in ya ginu: feftaid ya kan fara mannewa a gaɓa, ya naɗe a can, sannan ya nutsa.

2.3 Kwaikwayon farko

Lissafin motsin atam ya fara taɓa furotin a 1977, lokacin da McCammon da Gelin da Karplus suka kwaikwayi ƙaramin furotin BPTI na ƙasa da fikosakan 10. Kwaikwayon feftaid ɗin mura a cikin tantani ya bunƙasa ne bayan fitowar buɗaɗɗiyar siffa, da ayyuka irin na Huang da Chen da Herrmann (2004), da Vaccaro da abokan aikinsa (2005), da Lagüe da Roux da Pastor (2005). Tsawon lokacin da aka iya kaiwa a wancan zamani bai wuce gomman nanosakan ba.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na kwatance ne. An ɗauki ayyukan kwaikwayo da aka wallafa a kan feftaid ɗin HA, aka haɗa da wasu a kan feftaid na ƙirƙira da suka shafi tambayar naɗuwa kai tsaye. An yi wa kowane aiki tambayoyi huɗu. Daga wace siffa aka fara? Yaya aka wakilci tantani? Wane kundin ƙarfi aka yi amfani da shi, wato jerin ƙa'idoji da alƙaluman da ke fayyace jan da turin da ke tsakanin atam? Sannan wane gwajin ɗakin bincike ne sakamakon ya iya fayyacewa wanda ba a gina lissafin a kansa ba? An fi bai wa tambaya ta farko da ta ƙarshe nauyi, domin su ne ke bambance hasashe da maimaici.

4.0 Nazari

4.1 Tazarar lokaci da tasirin mafari

A lissafin motsin atam, kwamfuta tana auna ƙarfin da ke kan kowane atam, ta matsar da shi kaɗan bisa dokar Newton, ta sake aunawa. Takin kowane mataki femtosakan 2 ne a mafi yawan ayyuka, domin in ya fi haka girgizar mahaɗan atam za ta kuɓuce wa lissafin. Ke nan maikurosakan ɗaya yana buƙatar matakai miliyan 500, kowane mataki kuma a kan dubun dubatar atam na feftaid da lifid da ruwa.

A cikin tantani al'amarin ya fi tsanani. Tantani ya fi kama da kunu mai kauri bisa ga ruwa: kafin lifid ɗaya ya musanya mazauni da maƙwabcinsa akan ɗauki gomman nanosakan ko fiye, kuma feftaid ba ya iya buɗewa ko ninkewa sai lifid ɗin da ke kewaye da shi sun ba shi hanya. Neale da abokan aikinsa (2011) sun nuna cewa ko ƙaramin sinadari mai girman reshen amino asid ɗaya aka sa cikin tantani, alƙaluman makamashinsa suna jinkirin daidaituwa ƙwarai, saboda lotsawar tantani da jan ruwa zuwa ciki ba su da sauri.

Idan aka ɗora wannan a kan abin da Lorieau da abokan aikinsa suka auna, matsalar ta fito fili. Kai-komo tsakanin rufuwa da buɗuwa yana cin gomman maikurosakan. Lissafi mai tsawon nanosakan 20 ya gaza wannan da ninki kusan dubu. Wanda ya fara daga buɗaɗɗiyar siffa ya tarar da ita a ƙarshe, da wanda ya fara daga rufaffiya ya tarar da ita a ƙarshe, duk sun faɗi gaskiya game da abin da suka gani, amma babu ɗayansu da ya nuna wace siffa ce ta fi rinjaye. Abin da suka tabbatar shi ne siffar ba ta rushe nan take ba. Wannan sakamako ne mai amfani, sai dai bai kamata a kira shi kwaikwayon naɗuwa ba. Ya kamata a lura kuma cewa ayyukan da suka gabaci 2010 sun ginu ne a kan guntu mai amino asid 20, wanda daga baya aka gane ya rasa ukun da ke ɗaure ninkin. Kwatanta su kai tsaye da ayyukan baya-bayan nan kuskure ne na hanya, domin abin da aka kwaikwaya ba ɗaya ba ne.

Dabarun gaggauta lissafi sun rage wannan giɓi. A dabarar musayar kwafi ta Sugita da Okamoto (1999), ana tafiyar da kwafi da yawa na tsarin a matakan zafi daban-daban, suna musayar zafi lokaci-lokaci, ta yadda siffar da ta maƙale a sanyi za ta samu damar kuɓuta a zafi. Adadin kwafin da ake buƙata yana ƙaruwa da girman tsarin, kuma zafi mai yawa yana sassauta tantanin kansa, shi ya sa aka ƙirƙiro nau'in da ke ɗumama feftaid kaɗai (Liu da abokan aikinsa, 2005). Dabarar metadainamiks ta Laio da Parrinello (2002) kuwa tana tura tsarin ya bar inda ya riga ya ziyarta, amma sai mai bincike ya zaɓi ma'aunin da za a tura a kansa, kamar kusurwar da ke tsakanin murɗe biyu. In ya zaɓi kusurwa ya manta da zurfi, jinkirin da ke cikin zurfin zai ɓuya masa.

Inda aka cire hannun mai bincike daga mafari, an ga abin da gajeren lissafi bai nuna ba. Victor da Lousa da Antunes da Soares (2015) sun warwatsa lifid a cikin ruwa tare da feftaid, suka bar tantanin ya haɗa kansa a kewayensa. A wasu daga cikin gwaje-gwajen feftaid ɗin ya kwanta a gaɓa kamar yadda aka saba gani, a wasu kuma ya tsaya ya ratsa tantanin. Ƙungiyar Setny a Warsaw, ta hanyar musayar kwafi, ita ma ta ruwaito rufaffen ninki da ya nutsa can ciki. Ko da za a yi muhawara a kan yawan aukuwar wannan yanayi a zahiri, ba za a taɓa ganin sa ba a lissafin da aka fara da ɗora feftaid a saman tantani aka dakata bayan nanosakan 50.

4.2 Wakilcin tantani

Hanyoyi huɗu ake bi. Ta farko ita ce a zana kowane atam na lifid da ruwa, wadda ta fi aminci kuma ta fi tsada. Ta biyu ita ce tantanin ƙiyasi, inda ake maye gurbin lifid da ruwa da wani ma'auni mai sauyawa daga tsakiya zuwa waje, kamar samfurin IMM1 na Lazaridis. Feftaid yana naɗuwa da sauri a cikinsa, amma babu lifid da zai karkace ko ya lotsa, alhali karkatar da lifid shi ne aikin feftaid ɗin haɗewa. Ta uku ita ce dunƙule atam kusan huɗu su zama ƙwallo ɗaya, kamar a kundin Martini (Marrink da abokan aikinsa, 2007). Da wannan ne Fuhrmans da Marrink (2012) da Risselada da abokan aikinsa (2012) suka kalli yadda tarin feftaid ke sauya lanƙwasar tantani. Sai dai a Martini mai bincike ne ke ƙayyade inda murɗe yake tun farko, kuma ba ya sauyawa, don haka ba shi da abin faɗa a kan naɗuwa. Ta huɗu ita ce samfurin HMMM (Ohkubo da abokan aikinsa, 2012), inda ake gajarta jelar lifid a cika tsakiya da wani ruwan sinadari domin lifid su yi saurin motsi. Da shi Baylon da Tajkhorshid (2015) suka ga feftaid ɗin mura yana shiga tantani da kansa. Hanyar tana da kyau wajen gano yadda ake mannewa a gaɓa, amma tsakiyar tantanin ba ta gaskiya ba ce, kuma duk abin da ya shafi nutsewa sai an sake tantance shi da cikakken lifid.

4.3 Kundin ƙarfi da caji

Tarihin feftaid na ƙirƙira mai suna WALP ya isa gargaɗi. Nymeyer da Woolf da García (2005), da cikakken lifid da musayar kwafi, sun ga feftaid ya nutsa kafin ya naɗe, saɓanin ra'in White na naɗuwa a gaɓa kafin nutsewa. A shekarar kuma Im da Brooks, da tantanin ƙiyasi, suka ga naɗuwa a gaɓa sannan nutsewa. Ulmschneider da abokan aikinsa sun nuna daga baya cewa hanyar da feftaid ke bi ta dogara da kundin ƙarfin da aka zaɓa. Best da Buchete da Hummer (2008) kuma sun nuna cewa kundaye da yawa na wancan lokaci sun karkata ga murɗe fiye da kima, wasu kuma sun gaza. An samu gyara da fitowar CHARMM36 na lifid a 2010 da CHARMM36m na furotin a 2017, amma ga feftaid mai gilaisin bakwai ko takwas, wanda rufuwarsa ta rataya a kan raunanan ɗauri tsakanin murɗe biyu, kuskuren kilokalori ɗaya ya isa ya juya rinjaye daga wannan siffa zuwa waccan.

Batun caji bai samu kulawar da ta dace ba. A nau'in H3 akwai Glu11 da Glu15 da Asp19, waɗanda cajinsu ya dogara da tsami da kuma zurfin da suke a cikin tantani. Akwai kuma cajin bakin sarƙa a Gly1, wanda Lorieau da abokan aikinsa (2011) suka nuna yana taimakawa wajen ɗaure ninkin ta hanyar jan ƙarshen murɗe na biyu. A lissafin da aka saba yi ana tsayar da waɗannan caji sau ɗaya tun farko. Feftaid da aikinsa gaba ɗaya ya rataya a kan sauyin tsami ya cancanci lissafin da ke barin caji ya sauya yayin tafiya.

4.4 Maye gurbi a matsayin ma'auni

Ma'auni mafi ƙarfi da ake da shi ya fito ne daga gwajin maye gurbin amino asid. Idan aka sa balin a mazaunin Gly1, wato G1V, haɗewa ta tsaya cak. Idan aka sa serin, wato G1S, sai a samu rabin haɗewa: shimfiɗun waje na tantanin biyu su cakuɗu amma kofa ba ta buɗe ba (Qiao da abokan aikinsa, 1999). Sauya Trp14 da alanin, wato W14A, shi ma yana kashe aikin. Ɗakin binciken Tamm ya nuna cewa G1V ya kan miƙe ya rasa gwiwarsa, W14A kuma gwiwarsa ta kan yi sako-sako. Amma G1S ya riƙe siffa mai kama da ta asali ƙwarai, duk da haka ya kasa kammala aiki. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa siffar feftaid ba ta wadatar wajen fayyace aikinsa.

Saboda haka ne aikin Larsson da Kasson (2013) ke da muhimmanci. Kasson da Lindahl da Pande (2010) sun riga sun nuna cewa haɗewar tantani biyu tana farawa ne lokacin da jelar lifid kaɗan suka leƙo daga tsakiya suka taɓa na ɗaya ɓangaren. Larsson da Kasson suka ƙirga yawan wannan leƙowa a kusa da feftaid, suka ga ta ragu a kusa da masu maye gurbin da suka rasa aiki. An samu ke nan wani abu da kwamfuta ke aunawa wanda ya dace da gwajin da ba a gina lissafin a kansa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa irin wannan dacewa ta fi ƙima nesa ba kusa ba bisa ga maimaita siffar da NMR ta riga ta bayar.

4.5 Iyakar feftaid tilo

A zahiri HA uku-uku yake tsayawa, kuma gwajin Floyd da abokan aikinsa (2008) a kan bairos ɗai-ɗai ya nuna ana buƙatar kimanin tarin HA uku su yi aiki tare, cikin lokacin da ake aunawa da sakan. Feftaid ɗin kuma yana ɗaure da sauran HA2, wanda ɗaya bakinsa ke kafe a tantanin bairos. Tantanin endosom yana ɗauke da kolestarol da lifid masu caji, ba lifid iri ɗaya ba kamar a yawancin lissafi. Feftaid ɗin haɗewa na gp41 na bairos ɗin HIV ya nuna girman wannan: ya kan zama murɗe ko shimfiɗar beta gwargwadon yawan kolestarol da ke tantanin (Lai da abokan aikinsa, 2012).

5.0 Sharuɗɗan Karɓar Sakamako

Daga abin da ya gabata, duk aikin da ya yi iƙirarin kwaikwayon naɗuwar wannan feftaid ya kamata ya fara daga mafari aƙalla uku masu nisa da juna, wato rufaffiyar siffa da buɗaɗɗiya da warwararriyar sarƙa, ya kuma nuna cewa dukkansu sun kai ga rabon siffofi iri ɗaya. Ya kamata a bayyana sau nawa feftaid ya buɗe ya sake rufewa a cikin lissafin, domin jimlar maikurosakan ba ta faɗin komai idan ba a ƙetare shingen da ke tsakanin siffofin ko sau ɗaya ba. A yi amfani da cikakken jeri mai amino asid 23, a maimaita da kundin ƙarfi na biyu, a fayyace cajin da aka bai wa Gly1 da Glu11 da dalilin zaɓin. Daga nan sai a ƙirga, daga tarin siffofin da aka samu, alƙaluman da NMR ke aunawa kai tsaye, a kwatanta da na Bax da na Weliky, sannan a tafiyar da G1V da G1S da W14A ta hanya ɗaya ba tare da sauya ko alƙalami ɗaya na lissafin ba. G1S ne zai fi wahala, domin ana buƙatar lissafin ya bambance shi da na asali alhali siffarsu kusan ɗaya ce, kuma hakan na nufin a gina tantani biyu masu fuskantar juna, da feftaid fiye da ɗaya, a bi su har bayan rabin haɗewa.